Haji Sahak Ya Binciki Jirgin Norway

Mijin yayata, Haji Sahak bin Mat Piah, shi ne masanin sanyi na garinmu Kuala Kedah, a ƙasar Malesiya, gaba ɗayansa. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya naɗa kansa, mu kuma muka bar masa, don gardama da shi asarar yini ce. Shekara talatin da huɗu ya yi a kamfanin ƙanƙara na bakin ruwa, inda masunta ke ɗaukar ƙanƙarar da suke zuba wa kifi. A garin da mutum ke fitowa daga wanka ya jiƙe da gumi kafin ya gama sa riga, wanda ya daɗe haka kusa da ƙanƙara dole ya riƙa jin kansa. Ka zauna da shi a shagon kofi na bakin kasuwa, kafin shayinka ya huce ka ji cewa sanyi ta tafin ƙafa yake shiga, kuma akwai mai tsayawa a fata, akwai mai wucewa har ɓargo.

Abin da ba ya faɗa shi ne a bakin ƙofa ya yi aikinsa. Kujerar roba gare shi a ƙarƙashin fanka, kunne a kan ƙarar inji, ido a kan leburori. Su ne ke shiga ɗakin sanyi su jawo ƙanƙara da ƙugiya. Shi kuwa sau biyu yake leƙawa a rana, ya ce an yi aiki, ya koma mazauninsa.

Ni ce Zaharah, ƙanwar matarsa Rokiah, autar gidanmu, shi ya sa yaransu ke kirana Mak Su, don a wurinmu Mak uwa ce, Su kuma auta; ita kuwa Kak Kiah nake ce mata, wato Yaya Kiah. Na koyar a firamare har na yi ritaya, maigidana ya rasu, tagata kuma tana kallon ƙofar kicin ɗinsu. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Bayan sanyi, sana'arsa ta biyu bincike ce. Shekara biyu ya yi yana binciken firji kafin ya saya. Ba shagon da bai shiga ba har birnin Alor Setar, yana buɗe ƙofofi yana kara kunne, har samfurin da ya fara so aka daina yin sa. Ita kanta Kak Kiah sai da ya shekara yana bincikenta kafin ya aiko a nema masa. Gwaggonsa ta ci abincin gidanmu sau huɗu, ta leƙa gindin tukwanenmu, ta tambayi maƙwabta ko yarinyar tana da yawan dariya. Aka ce tana da shi. Ya aure ta a haka, ya kuma yi maganin abin a hankali.

Da a kan firji binciken ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Kak Kiah ta iya miyar laksa, romon kifin da muke zuba wa taliya, wadda in ka sha sau ɗaya ta kowa sai ta zame maka ruwan wanke kifi. Ta so ta kafa rumfa a kan hanyar tashar jirgin ruwa. Bai hana ba. Haji Sahak ba ya hanawa, cewa yake bari ya duba. Ya duba wurin shekara uku, ya auna rana, ya auna ƙura, har wata mata daga garin Yan ta zo ta kafa tata rumfar a wurin, yau 'ya'yanta ke da shago mai hawa biyu. Haka aka yi da ajin ɗinki. Haka aka yi da koyon tuƙin mota. Na lura tuntuni cewa in abin nasa ne binciken yakan ƙare da saye, in nata ne yakan ƙare da lokaci ya wuce.

Akwai kuma abin da duk garin ya sani amma ba mai furtawa. Mahaifinsa masunci ne. Yana ɗan shekara goma sha biyar uban ya ɗauke shi fita teku, kafin su wuce bakin kogi ya amayar da abin da ya ci da wanda bai ci ba, ya kwanta a kan raga yana kiran uwarsa. Dole aka juyo da jirgi. Tun daga ranar bai sake taka wani abu da ke yawo a kan ruwa ba. Jirgin fito na tsibirin Langkawi daga garinmu yake tashi kullum, muna jin ƙahonsa daga gida, amma shi bai taɓa zuwa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Me zan je yi? Yashi ne da birai." Sai kowa ya gyaɗa kai a canza hira.

To a watan Maris 'yarsu Norlela, da muke kira Lela, wadda ke haɗa magani a wani asibiti a Kuala Lumpur, ta zo gida da albishir. Ta kama wa iyayenta ɗaki a wani jirgin ruwa na yawon buɗe ido, kwana goma sha biyu a gaɓar Norway, har can arewa inda duwatsu ke sanye da ƙanƙara. A watan Yuni za a tashi. Jirgin ƙarami ne, ba irin gidajen benen nan ba da ke tsayawa a Penang da wurin ninkaya a ka. Kamfanin kuma ba wanda ya taɓa jin sunansa, sunan ma ba ya faɗuwa a bakinmu. Sun ce za su riƙe ɗakin mako uku, bayan nan su ba wani.

Kowa a teburin ya san bana ce kawai. Matar ɗansu Azhar tana ɗauke da tagwaye, a watan Satumba za ta sauka, su biyun kuma ma'aikata ne. Jikoki biyar Kak Kiah ta raina, waɗannan ma hannunta za su zo. Kafin su shiga makaranta ta kusa saba'in, gwiwoyinta kuwa tun yanzu sai ta dafa bango take tashi daga sallah.

Na ga fuskar yayata lokacin da Lela ke nuna mata hotuna a waya. Ta riƙe wayar da hannu biyu. Rabon da in ga idonta haka tun muna 'yan mata.

Sai Lela, yarinya mai digiri biyu, ta juya ga babanta ta ce, "Ayah, kai ka san sanyi. Ka ɗan duba mana ko kamfanin ya dace."

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita. Haji Sahak ya gyara zaman tabarau, ya yi gyaran murya.

"Ai dole," ya ce. "Sanyi ba wurin zuwa da ka ba ne."

Washegari ya sayo sabon littafin rubutu. Kwana uku yana zaune a baranda yana rubutu, ya hana jikoki wasa a tsakar gida. Ya fito da tambayoyi arba'in da uku, ya ce Lela ta mayar da su Turanci ta aika wa kamfanin. Akwai shinkafa? Sau nawa a rana? Wa ke yanka naman? Da tukunyar da aka dafa alade za a dafa mana? Akwai tiyo a bayi, ko da takarda suke nufin dattijo kamarsa ya rufa wa kansa asiri? In jirgi yana juyawa, ina alƙibla? Bargo nawa ne a gado, kuma na ulu ne ko na roba? Wane irin inji ke ɗumama ɗakin, kuma wace shekara aka yi shi? Ya ba Lela takardun yana murmushi.

"Turawa ne," ya ce mini a bakin shinge. "Ko goma ba za su amsa ba. Kin ga sai mu san inda muka tsaya."

Kwana biyu aka yi amsa ta zo. Wata ma'aikaciya mai suna Torill ce ta rubuto, ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Shinkafa akwai, safe da rana da yamma, don rabin ma'aikatan kicin 'yan Indonesiya ne, su ma ba sa rayuwa babu ita. Babban kukun Musulmi ne ɗan Surabaya, yana da tukwanensa daban. Tiyo babu, amma za a ajiye buta a bayi. Allon da ke ɗakin yana nuna inda jirgi ya dosa, za kuma a ba shi kamfas. Har hoton injin ɗumama ɗaki ta haɗo, da shekarar da aka ƙera shi.

Lela ta bugo waya tana karantowa, Kak Kiah tana tsaye da ludayi a hannu. Duk amsar da aka karanta sai fuskar Haji Sahak ta ƙara tsukewa. Ban taɓa ganin mutumin da labari mai daɗi ya ramar da shi haka ba.

Sai ya tuna da rana. Wani a shagon kofi ya gaya masa a can arewa, a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa. Ya dawo gida da sauri har yana tuntuɓe.

"To ga shi nan!" ya ce. "Ƙasar da ba magariba, ba isha. Kiah, so kike mu je mu zubar da sallar kwana goma sha biyu saboda kallon dutse?"

"A tambayi Ustaz mana, Abang," ta ce, don haka take kiransa, wato Yaya.

Ya tafi wurin limaminmu da ƙarfinsa, ya tabbata wannan karon ya samu. Ustaz Ridzuan ya saurare shi tsaf, ya ce ai malamai sun daɗe da yin magana a kan wannan, mutum ya bi lokutan gari mafi kusa da ake samun dare, ga kuma rangwamen matafiyi. Har ya ƙara da cewa tafiya don ganin halittar Allah abu ne mai kyau, Haji ya yi musu addu'a in ya isa. Haji Sahak ya dawo yana ƙunƙuni, wai malaman zamani komai sai su sauƙaƙa.

Ni dai na zauna na bi tambayoyin nan arba'in da uku da idon malamar makaranta. Ya tambayi bargo, ya tambayi buta, ya tambayi ko ana sayar da man zafi a jirgin. Tambaya ɗaya ce babu: ko jirgin yana tangaɗi.

Torill ce ta kawo ta da kanta, baiwar Allah, ba ta san garinmu ba. A ƙarshen wasiƙarta ta biyu ta rubuta cewa in akwai wanda teku ke sa wa jiri kada ya damu, yawancin hanyar tsakanin tsibirai take, ruwan a kwance yake, likitan jirgi kuma yana da magani. Lela ta karanto wannan a waya ba tare da ta yi tunani ba.

"Wa ya tambaye ta?" Haji Sahak ya daka tsawa. "A cikin arba'in da uku akwai wannan? Ni ɗan masunci za ta gaya wa ruwa?"

Kak Kiah ta koma kicin. Ni na kalli silin.

Da ya ga jirgin ya ƙi faɗuwa, sai ya juya kan fasinja. Ya ce matsalar ba ta kamfani ba ce, ta Kiah ce. Macen da ke sa rigar sanyi in an yi ruwan sama, ita za ta iya da Norway? Shi ba zai kai matarsa ta mutu a ƙasar mutane ba. Sai an gwada. Ya je wurin manajan tsohon kamfaninsa ya roƙi aron ɗakin sanyi ranar Asabar da hantsi. Sharaɗinsa rabin awa. In ta nemi fita kafin nan, maganar tafiya ta mutu. Ni aka ɗauka shaida.

Muka ari riguna a gidan wata maƙwabciya da ɗanta ya yi karatu a Rasha. Sai ga mu mu uku muna ratsa kasuwar kifi da ƙarfe goma na safe, rana tana dukan ƙeya, cikin manyan riguna masu gashi a wuya. Tawa har ƙasa take ja. Masu sayar da kifi suka bar ciniki.

"Haji, yau kuma ina aka nufa? Moscow?"

"Kak Kiah, a sayo mana tsaraba!"

Bai kula su ba. Yana gaba, agogo a hannu, hular ulu a kan farar hularsa ta aikin hajji.

Aka sa mana kujeru uku tsakanin tulin ƙanƙara, aka rufe ƙofa. Gaskiya ban taɓa jin abu irin wannan ba. Numfashin farko kamar na shaƙi allurai. Haji Sahak ya fara lacca, wai mu lura, yanzu yana fata, nan da minti biyar zai shiga nama. A minti na uku laccar ta fara rawa. A na shida haƙoransa suna kaɗawa har ina ji. Ya tura hannaye a hammata, ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. A minti na tara ya karkata kai.

"Kun ji? Injin nan ƙararsa ba daidai ba ce. Yaran nan za su ƙona shi. Bari in duba."

Ya miƙa mini agogon ya fice, har yana ture kujera.

Muka rage mu biyu. Kak Kiah ta gyara zama, ta ɗora hannaye a cinya. Hancinta ya yi ja, gashin girarta ya yi fari, amma ko gezau. Da rabin awa ta cika na ce, "Kak, mu fita, ai kin ci."

"Ƙara goma," ta ce. "Kada gobe ya ce agogonsa ne ke sauri."

"Wai me ke can ɗin da kike so haka? Ni yatsuna sun mutu."

Ta kalli tulin ƙanƙarar da ke gabanmu.

"Zah, tun da na shiga gidansa nake jin labarin ƙanƙara. Tasa ce, ta kamfaninsa ce, shi ya san ta. Ni so nake in ga wadda ba wanda ya yi ta. In tsaya in kalle ta da idona, ba mai yi mini bayani."

Tausayinta ya kama ni har na manta da yatsun. Shekara arba'in da ɗaya tana gidan nan, ban taɓa jin ta ce tana son wani abu da bakinta haka ba.

Da muka fito mun tarar da shi a rana, ya tuɓe rigar, yana riƙe da kofin shayi mai zafi da hannu biyu yana yi wa manaja bayanin inji. Manajan yana ta cewa, "To, Haji. To, Haji." Na ɗaga agogo na ce minti arba'in. Ya ce ai sanyin ɗaki daban, na teku daban. Kafin azahar labari ya zaga kasuwa, kafin la'asar ya isa shagon kofi.

Ranar ƙarshe ta mako ukun da kamfanin ya bayar ta faɗo Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci ya tara mu a teburin cin abinci, da ni, da Kak Kiah, da Azhar da matarsa, Lela kuma a waya an jingina ta da kwalbar miya. Aka ci shinkafa da gasasshen kifi. Ya wanke hannu, ya buɗe littafinsa, ya rufe.

"Na gama bincike," ya ce. "Kamfanin nan bai dace ba."

"Ayah!" in ji Lela. "Me suka rasa? Duk abin da ka tambaya sun ce akwai."

"Yauwa. Abin ke nan. Shekara talatin da huɗu ina hulɗa da 'yan kasuwa. Wanda ka tambaya abu arba'in da uku ya ce maka e sau arba'in da uku, akwai abin da yake ɓoyewa. Da sun ce a'a ko sau ɗaya ne, da na yarda da su."

"Sun ce babu tiyo," in ji Azhar a hankali.

"Suka ce akwai buta. E ce ta bayan gida."

Matar Azhar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Ni ban ga abin dariya ba. Na kalli yayata, tana tattara ƙayar kifi a gefen faranti da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Na kasa haƙuri.

"Abang Sahak," na ce, "ka ji tsoron Allah. Ba kamfani ba ne, ba rana ba ce, ba buta ba ce. Ruwa kake tsoro. Tun kana ɗan sha biyar kake tsoronsa, duk garin nan an sani, har kuliyoyin kasuwa. Ka faɗa mana mu huta!"

Shekara hamsin garin nan yana riƙe masa wannan magana, masunta masu ɗanyen baki ma sun riƙe, sai ni malamar makaranta na zubar da ita a gaban surukarsa. Fuskarsa ta yi wani iri. Ba zan ɓoye ba, a lokacin daɗi na ji.

Lela ta yi saurin shiga tsakani. "To Ayah, ba komai, kai ka zauna. Mak ta tafi da Mak Su. Ɗakin na mutum biyu ne, suna kawai za a canza."

Nan na gane ɓarnar da na yi. Da Lela ta kawo wannan shawara kafin in buɗe baki, da wataƙila ya sami hanyar fita, ya ce shi aiki ya yi masa yawa, mata su je. Yanzu kuwa in ya bar ta ta tafi, ya amsa a gaban kowa cewa jirgin lafiyarsa ƙalau, shi ne ba lafiya ba. Haji Sahak zai iya rasa komai ban da wannan.

"Jirgin da bai dace da ni ba," ya ce, yana kallon bango, "bai dace da matata ba. Ban yarda ba."

Karo na farko ke nan da na ji ya hana ta abu kai tsaye. Duk muka juya muna kallonta. Na so ta yi ihu, ta fasa faranti, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai ta je.

"Shi ke nan, Lela," ta ce. "Babanki ya yanke. Ki gode wa matar nan, ta yi ƙoƙari da mu."

Ta miƙe, ta dafa tebur saboda gwiwa, ta fara kwashe kwanuka.

Bayan kwana huɗu sai ga mota a ƙofar gidansu, da ma'aikata biyu da tsani. Na'urar sanyaya ɗaki ya saya, babba, aka kafa a ɗakin kwanansu. Wannan karon ba tambaya ko ɗaya. Ya kira ni da kansa in zo in gani, duk da ba ya yi mini magana tun ranar Juma'ar.

"Ga Norway nan na kawo mata har gado," ya ce. "Ba fasfo, ba jiri, ba Turawa."

Ya miƙa mata rimot kamar mai ba da lambar yabo. Ta karɓa ta ce ta gode, ta sa a aljihun tebur. A shagon kofi kuwa labari ya zama yadda Haji ya gano wani kamfanin 'yan damfara da tambayoyi kawai, ya ceci iyalinsa. Har mutane suka fara kawo masa takardun tafiye-tafiyensu ya duba musu.

Wata biyu da rabi na'urar nan tana bango ba a kunna ta ba. Ranar da jirgin ya tashi, a watan Yuni, Kak Kiah ta ciro rimot ta kunna, ta kai ta ƙarshen sanyinta, ta rufe ƙofa da tagogi. Kwana biyu masanin sanyi ya jure. A na uku na hango shi da sassafe yana naɗe tabarma a baranda, ga matashi, ga maganin sauro. Ya ce wa maƙwabta likita ne ya ce iskar waje ta fi masa.

Na bari aka yi mako uku kafin na tsallaka, don kunya nake ji. Da la'asar ne. Yana zaune a kan bencin baranda daga shi sai zane da singileti, yana fifita da jarida, duk hannayensa cizon sauro. Ya rame. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya kalle ni ba.

"Tana ciki," ya ce. Har na kama ƙofa sai ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Zaharah, ki ce mata ta ɗan rage. Bayana ciwo yake."

Na shiga. Sanyi ya mare ni. Tana zaune a bakin gado da rigar ulu, tana ninke 'yan rigunan jarirai, komai bibbiyu.

"Kak," na ce, "ki yafe mini. Bakina ne ya ja miki."

"Ba bakinki ba ne, Zah. Da kin yi shiru da ya samo tambaya ta arba'in da huɗu."

"To shi fa? Yana waje sauro na cinsa. Yaushe za ki bar shi ya dawo ɗakinsa?"

"Ni na kore shi? Ƙofa a buɗe take. Shi ya sayo abinsa, shi ya san sanyi." Ta ɗauki wata 'yar riga ta kakkaɓe. "Da na ce in kwanakin tafiyar sun cika zan rage."

"Ai sun cika, Kak. Jirgin ya dawo tun makon jiya."

"Na sani," ta ce.

Ta ɗora rigar a kan 'yar'uwarta, ta ɗauko wata.